Hular da Na Mayar Cikin Toka

Waɗanda ke tsakar gidanmu a Kiru ran nan ba su da yawa, har yau ina iya jera su yadda suka zauna. Akwai ni, a bakin murhu. Akwai faccalata, matar ƙanen marigayi maigidana, wadda bakinta ba ya hutawa sai in ta ta da salla. Akwai matar autana, tana riƙe da taɓarya. Akwai 'yan mata shida daga makarantar sakandare, cikin fararen hijabai. Biyu daga cikinsu na riƙe a raina: wata gajera 'yar Tudun Wada mai takardar tambayoyi, da wata siririya 'yar Dangora, ita ce ta saɓa kyamara a kafaɗa. Sai malaminsu, wato ɗana na fari.

A lokacin yana da shekara arba'in da ɗaya, ban kuwa taɓa kiran sunansa ba. Uwata Bafulatana ce daga wata ruga a bayan Ƙafin Maiyaki, a hannunta na koyi fulako. Ɗan fari ba a ambaton sunansa, ba a wasa da shi, ba a ɗaga ido a dube shi a gaban mutane. Ranar da aka yaye shi yayar ubansa ta goya shi zuwa Bebeji, can ya girma, can ya yi karatu. In dole ta kama ni sai na ambace shi, sai in ce mutumin Bebeji. Shi kuma Yaya yake ce mini, yadda ya ji kowa a gidan yana faɗa.

Yana shekara bakwai aka kawo shi hutun salla, kunama ta harbe shi a gindin rumbu. Ina surfe a lokacin. Ya yi ta ihu yana birgima, ni kuwa ban ajiye taɓarya ba, ban ma rage sauri ba. Faccalata ce ta sure shi ta yi waje da shi. Labarin nan ya zaga unguwa. In ana yi wa amarya faɗa sai a ce ta je ta koyi kunya a wurina. Na ci wannan yabo shekara talatin da 'yan kai, na kuma yi amfani da shi. Duk yarinyar da na gani tana yi wa ɗanta na fari rawa, sai na ce, "Ke, ajiye shi, ba a kanki aka fara haihuwa ba." Suna tsorona, ina jin daɗin haka. Ba ni da gona mai faɗi, ba ni da karatu ko na allo mai nisa. Kunyar nan da daddawata, su ne abin da aka san ni da su.

Turanci yake koyarwa a makarantar 'yan matan. Wani dogon hutu ya tafi Kano ya koyo aikin gidan talabijin, ya dawo da aron wata tsohuwar kyamara da injin bidiyo guda biyu, ya fara koya wa ɗalibai aikin jarida da yamma. Masu lissafi sun ce tsakiyar shekarun casa'in ne. Ni dai na san shekarar da ɗorawa ta yi 'ya'ya har rassa na karyewa. Da matar autana ta ba ni labari sai na ce, ashe yanzu leƙe da tsegumi ma sai an je makaranta ake iya su.

Sun ɗauki bishiyoyi, sun ɗauki awaki, sun ɗauki ƙofar makaranta har sun gaji. Sai aka ce yanzu mutum ake so yana aikin hannunsa. To wane magidanci ne a Kiru zai bar namiji ya shigar masa gida da kyamara? Gidanmu kaɗai ne ba shi da maigida sai shi. Ya aiko matar autana ta tambaye ni. Na ce, "Gidan ubansa ne." Aka kai masa, ya san na yarda ke nan.

Daddawa kwana biyar take ci, su kuwa a yini ɗaya suke son ganin komai. Dole na raba aikin: ga kalwa a tukunya tana dahuwa tun jiya, ga wadda za a surfa da toka a cire ɓawo, ga wadda ta kwana uku a kwando cikin ganye ta nuna, tana jiran daka da mari, wato buga ta da tafin hannu ta yi faɗi. Na yi mita, amma na shirya.

Da hantsi suka shigo. Ina aikina ina jin abin da yake gaya musu, don kunne ba shi da alkunya.

"Rana ta kasance a bayanki, ba a gabanki ba. Kada ki yi ta yawo da kyamara kamar mai neman kaza. Ki tsaya, ki ƙirga goma a ranki, sannan ki motsa. Kuma ki bi hannu. In baki ya yi shiru, hannu yana aiki. Hoton hannu shi zai cece ki ranar da za ki yanke magana."

Gajerar ta durƙusa a gabana da makirufo da takardarta.

"Inna, ana sa kanwa?"

"Ana sawa."

"Ana rufe ta?"

"Ana rufewa."

"Tana wari?"

Faccalata ta ce, "Ke 'yar nan, hancinki ma hutu ya tafi?"

'Yan matan suka ƙyalƙyale. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Tsaya. Kin ga abin da na gaya muku? In kika yi tambayar da e ko a'a za su ishe ta, e ko a'a za ki samu. Kawo in nuna miki."

Ya karɓi makirufo ya zo ya durƙusa a gabana, a daidai inda yarinyar ta tashi. Tun ranar yaye bai taɓa matsowa kusa da ni haka ba. Kullum daga bakin ƙofa yake gaishe ni, in amsa ina kallon wani wuri. Ran nan har furfurar da ta fara fito masa a gemu na gani, ba don na duba ba.

Ya ce, "Yaya, wa ya koya miki wannan sana'a, kuma yaya aka yi kika fara?"

Na ci gaba da murza kalwa. Ina jin abin da nake so in faɗa ya cika mini baki, labarin kakata ta wajen uba da babbar tukunyarta, amma ga faccalata, ga surukata, ga 'ya'yan mutane shida. Ya sake tambaya. Na juya kujerata na fuskanci katanga, na ba shi ƙeya. Ya yi ta uku, muryarsa ta yi ƙasa.

Faccalata ta ce, "Malam, karatun ne ya yi yawa har ka manta kai ne na farin? Ai ko alƙali bai isa ya haɗa ku hira ba."

Wata a cikin 'yan matan ta toshe baki da hijabi, dariya ta kuɓuce mata ta hanci. Ni kuwa na dubi faccalata na ce, "Ki gaya wa mutanen Bebeji kalwa ba ta jiran surutu."

Ya miƙe a hankali yana karkaɗe gwiwa. Ya ce wa ɗalibansa, "Ku rubuta. Laifin nan na mai tambaya ne. Kafin ki sa wa mutum makirufo, ki san wanda zai iya amsa wa da wanda ba zai iya ba." Ya mayar wa gajerar makirufo, ya gaya mata tambayar a kunne. Ta yi, na amsa mata har da ƙari. Na ba ta labarin kakata, na nuna mata yadda ake gane kalwa ta dahu in ta murje tsakanin yatsu, na nuna mata mari. Duk abin da na hana shi, ita na juye mata, yana tsaye a gefe yana ji.

Wajen azahar suka ce a dakata a saurari muryar da aka ɗauka. Ya cire hularsa ya ɗora a bakin turmi don ya saƙala abin ji a kunne, ya juya mini baya, 'yan mata biyar suka kewaye shi. Faccalata ta zaga bayan ɗaki, matar autana ta tafi ɗebo ruwa. Siririyar tana zaune a kan tabarma nesa kaɗan, ta sauke kyamarar daga kafaɗa ta ɗora a cinya. Ni a sanina, in an sauke abin nan daga kafaɗa ya yi barci ke nan.

Sai kaza ta yi tsalle ta ture hular, ta faɗa cikin tokar da nake surfe da ita.

Na duba dama, na duba hagu. Na ɗauka. Na hure tokar, na goge da gefen zanena. Tsohuwar hula ce, bakinta ya fara zarewa ta baya, wurin ya yi duhu da zufa. Na bi zaren da babban yatsa. Na kifa ta a gwiwata na gyara mata zama, na riƙe ta haka ina kallon bayansa, yadda kafaɗarsa ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsawo irin na ubansa. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Da na ji takun faccalata, sai na mayar da hular cikin toka, a daidai inda ta faɗi, har na ɗan barbaɗa mata toka a kai don kada a gane. Da ya juyo ya ɗauki abarsa ya kaɗe, ya sa, suka ci gaba.

Bayan mako biyu aka aiko wai mu je makaranta mu gani. Wata dokarsa ce, wanda aka ɗauka shi ake fara nuna wa kafin a nuna wa iyaye ranar taro. A hanya matar autana ta yi mini bayanin yadda ake yi: kaset na farko yana ɗauke da komai, sai a haɗa injin biyu a zaɓi abin da ake so a juye a kaset na biyu. Na ce ashe tankaɗe ne, gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Ta ce kuma wannan karon malam bai sa hannu ba, bai ma gani ba, ya bar musu su tankaɗe da kansu, ita ce jarrabawarsu.

Bayan la'asar ne, a wani aji da aka toshe tagoginsa da tabarmi, janareta na ƙugi a waje. Ga shugabar makaranta, mace mai tabarau, ga 'yan matan shida da wasu da yawa da suka cika bayan aji, ga mu uku a benci na gaba. Shi yana tsaye kusa da ƙofa.

Na ga wata tsohuwa mai ɗaurarriyar fuska tana tsoma hannu a tukunya. Sai da na gane zanena sannan na yarda ni ce. Muryata kamar ta mai raba faɗa. Ina ta jiran inda na juya masa ƙeya, sai na ga sun cire. A gurbinsa sun sa hannuna yana murza kalwa. Na ce a raina, yaran nan suna da hankali. Aka nuna daka, aka nuna mari, aka nuna daddawa jere a kan tabarma tana shan rana. Na fara gyara mayafi zan tashi.

Sai hula ta fito a cikin toka, ta cika gilashin talabijin. Sai hannu ya shigo ya ɗauke ta.

Babu magana a wurin, sai kukan kaza da muryar 'yan mata can nesa. Hoton ya ɗan karkace, don daga cinya aka ɗauka. Aka ga ina hurewa. Aka ga yatsana yana bin zaren. Sannan hoton ya hau sama a hankali ya sami fuskata, fuskar da ni kaina ban san ina da ita ba. Aka ga inda idona yake kallo. Aka ga na firgita, na mayar da hular, na barbaɗa mata toka kamar ɓarauniya tana rufe sawu.

Faccalata ta buga cinya ta ce, "Ashe kura ma tana lasar ɗanta in ba kowa? Mai kunyar Kiru, har da barbaɗa toka!"

Aji ya ɗauki dariya, har shugabar ta cire tabarau tana goge ido. Ba dariyar mugunta ba ce, yanzu na sani. Amma a lokacin ji na yi kamar an kwance mini zane a tsakiyar kasuwa. Na tuna duk yarinyar da na taɓa cewa ta ajiye ɗanta. Ga matar autana a gefena, wadda na yi wa faɗan nan ya fi sau goma, ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na motsi.

Na tashi na nufi siririyar. Na ce, "Wa ya aike ki? Uwarki ba ta koya miki kawar da ido ba? A gidanku haka ake yi, a ci gishirin mutum a leƙa masa asiri?"

Idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Inna, malam ya ce mu bi hannu. Hannunki na bi."

Na juya ga shugabar, don ita zan iya yi wa magana. Na ce, "A goge shi. Duk inda yake a goge."

Sai na ji muryarsa daga bakin ƙofa, ɗalibarsa yake tambaya.

"Ta san kina ɗauka?"

"A'a, malam."

"Kin nemi izininta kafin ki sa?"

"A'a. Ka ce a ajiye wanda ya fi kyau a ƙarshe."

"Na faɗa. Ya kuwa fi kyau. Amma ba naki ba ne, nata ne. Ku rubuta: abin da kika ɗauka mai shi bai sani ba, in ya ce a goge, a goge." Ya ɗan tsaya. "Gobe bayan an tashi daga layin safe za mu ɗora wani abu a kan kaset ɗin duka biyu, ya shafe shi."

Haka ya faɗa, murya a miƙe, bai dubi inda nake ba. Amma ni aikina ke nan tun ina yarinya, ganin abu ta gefen ido. Na ga hannunsa ya tafi bayan kansa, ya taɓa bakin hular a daidai inda ya zare, ya sauke da sauri kamar wanda ya taɓa tukunya mai zafi. Hular ce dai a kansa. Fuskarsa kuwa irin ta mutumin da aka gaya wa labarin da bai taɓa ji ba.

A hanyar gida faccalata ta yi ta tsokana har muka wuce masallacin Juma'a. Da matar autana ta yi gaba, sai faccalata ta rage tafiya ta yi shiru, abin da ban saba gani ba. Can ta ce, "Yaya, kin tuna ranar kunama?"

Na ce, "Wa zai bar ni in manta?"

Ta ce, "Da na goya shi zuwa gidan mai magani, yana kuka yana dukan bayana. Ba zafin yake faɗa ba. Cewa yake, Yaya ba ta ji ba ne, a koma a gaya mata. Ya faɗa ya fi sau nawa. Ban taɓa gaya miki ba, don lokacin kowa yabonki yake."

Muka iso. Na shiga gida na duba kalwar da na jiƙa, na rufe kaji, na yi abin da na saba.

Kunyar da na ji a aji ta idon mutane ce, kuma na san faccalata, kafin sati duk Kiru za ta ji, ko an goge ko ba a goge ba. Wannan ta riga ta wuce hannuna. Wadda ta fi ta nauyi ita ce ta fuskarsa. Ni a zatona ya sani. Na ɗauka duk ɗan fari ya san abin da ke bayan ƙeyar uwarsa, kamar yadda kowa ya san akwai hatsi a rumbu ko ba a buɗe ba. Ban ce uwata ta koya mini ɓata ba, haka aka yi mata, haka ta yi wa yayana. Amma ni na ƙara gishiri don ana yabona. Shekara arba'in da ɗaya, abin da mutumin nan ya samu daga gare ni bai wuce ɗan abin da yarinyar nan ta sata ba, shi ma na ce a goge. Ya kuma amsa a gaban ɗalibansa, ba musu, don ya koya musu gaskiya.

Washegari da na idar da sallar asuba na ƙunshe daddawa mai kyau a ganye, na soke allura da zare a ɗankwalina, na kama hanya ni kaɗai. Na tarar da su a layi. Na tsaya a gindin darbejiyar bakin ofis har aka watse. Ya fito da kaset biyu a hannu, 'yan matan shida na biye da shi. Da ya gan ni ya tsaya cik, taku kamar biyar tsakaninmu.

Na yafito siririyar. Ta zo tana ɗari-ɗari ta durƙusa. Na miƙa mata ƙunshin na ce, "Ki kai wa uwarki in kin je hutu. Jiya na ambace ta a kan abin da ba ta yi ba."

Ta karɓa da hannu biyu.

Na ce, "Ki gaya wa malaminku, wanda za a nuna wa iyaye, a cire hular. Ɗayan kuwa, mai tsakin, kada a goge. Ya tafi da shi gidansa."

Ta ce a hankali, "Inna, har da inda kika juya baya yana ciki."

Na ce, "Na sani. A bar su tare."

Ta juya ta maimaita masa, kalma bayan kalma, alhali yana ji. Ya daɗe yana kallon kaset ɗin da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Ki ce mata na ji."

"Inna, ya ce ya ji."

"Ai na ji. Ki karɓo mini hular nan, bakinta ya zare. Malami guda yana yawo da zare a ƙeya."

Ya cire ya ba ta. Sanƙon da ya fara cin tsakar kansa ya bayyana, irin na ubansa sak. 'Yan matan suka sunkuyar da kai suna cije leɓe. Ya kora su aji, ya shiga bayansu kai ba hula.

Na zauna a kan saiwar darbejiya na fuskanci katanga, na zare allurata. Ta taga ina jin muryarsa yana cewa rana ta kasance a bayanki. Na kama bakin hular na bi shi da ƙananan ɗinki har na zagayo. Da na gama na cije zaren. Ban aiki kowa ba, na tashi da kaina na ɗora ta a kan tagar ajin, inda zai gani, na juya gida, don na bar kalwa a jiƙe.